Kwanakin da Na Hana Kifi Abinci

Litinin, 4 ga wata, bayan la'asar

Yau ma na ce masa lafiya lau. Na gyara masa matashi, na goge masa baki, na ce, "Malam, kifinka suna gaisuwa, sun yi ɓul-ɓul kamar 'ya'yan mai gidan burodi." Gefen bakinsa na hagu ya motsa. Ita ce dariyarsa yanzu.

Tun da muka yi aure, duk abin da ya same ni shi nake zazzage wa da yamma, shi ma haka. Wata huɗu ke nan, tun ranar da aka ɗauko shi daga cikin jirgin ruwa ɓarin jikinsa a shanye, hirar ta koma ta mutum ɗaya, kuma likita ya ce kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali. To abin da ba zan gaya masa ba, a nan zan riƙa zuba shi.

Keji shida ya bar mini a hannu, huɗu can tsakiyar tafki inda ruwa ke da zurfi, biyu nan kusa da gaɓa. Kowanne raga ce mai zurfi rataye a jikin ƙarfe, durom-durom na ɗauke da ita a kan ruwa, cikinta fal da karfasa. Wata biyar muna ciyar da su. Saura wata ɗaya su haura rabin kilo, kuma duk ribar sana'ar nan a wannan watan take. Ƙasa da rabin kilo kifin kasuwa ne, abin da za a ba ka da ƙyar ya mayar da kuɗin abincin da ya ci. Sama da haka na masu otal ne. Masu kallonmu daga gaɓa suna ɗauka da kwando muke kwasar kuɗi. Ba su san cikin kowane goma da muka kashe, bakwai abinci ne da muka watsa a ruwa da hannunmu ba.

Da aka ji ni zan riƙe kejin, an yi dariya a bakin ruwa. Yanzu masu dariyar ne ke karkato da jiragensu su leƙa nawa. Ba cika baki ba, duk tafkin nan babu kejin da ya kama ƙafar kejinmu na Ɗaya.

Ruwan ne dai bai yi mini ba. Tun shekaranjiya ya koma kalar ragowar shayi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Maƙwabcinmu na gabas ya tsame matattu cike da kwanduna.

Talata, 5 ga wata, da hantsi

Injin jirgi ya mutu. Tsohon da ke tuƙa mana, wanda kowa ke kira Injiniya saboda da waya da tsumma yake gyara komai, ya kwance shi a kan buhu ya zauna yana kallonsa kamar mara lafiya.

"Uwar ɗaki, ki ba ni kwana biyu."

"Kwana biyunka na watan jiya sati ya zama."

"Wancan ai ciwon daban ne."

Da ƙaramin kwalekwale da filafili ba a kai buhunan abinci tsakiyar tafki. Na Biyar da na Shida kawai muka iya ciyarwa, su ne na kusa. Huɗun can sai haƙuri. Malam bai taɓa tsallake ciyarwa ba, sau uku a rana, ko da zazzaɓi yake. Don huce haushi na ƙara wa na kusa a kan abin da suka saba.

Laraba, 6 ga wata, da yamma

Inji bai tashi ba. Na ce masa lafiya lau. Ya ci.

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Na Biyar da na Shida sun tafi.

Da sassafe na same su duk sun taso sama, bakuna a buɗe, suna tsotsar iska. Na ɗauka yunwa ce, don haka suke yi idan sun ji motsin kwalekwale. Na watsa musu. Kafin rana ta take, fuskar kejin biyu ta yi fari fat da cikkunan kifi. Ni da Injiniya da masunta biyu muka yi ta tsamewa har hannuna ya daina jin sanyi. Waɗanda ke da sauran motsi mata masu banda suka kwashe a kan abin da bai kai a faɗa ba. Sauran rami aka haƙa musu.

Ban yi kuka ba. Akwai mutane a gaɓa, kuma na san wanda zai fara kai labari gidan Yaya, wan Malam.

Na yi wanka sau biyu kafin in shiga ɗakinsa.

Jumma'a, 8 ga wata, bayan la'asar

Inji ya tashi. Muka nufi tsakiya da buhu huɗu, ni kuwa na riga na saddaƙar. Kifin da ya kwana uku bai ci komai ba a cikin irin wannan ruwa, me za a tarar?

Muna isa na ga ruwan kejin shiru. Injiniya ya zura doguwar ragar hannu ya ɗago, sai ga su suna tsalle, jikinsu na sheƙi. Matattun da muka tsame a keji huɗun ba su cika bokiti ba.

A gefenmu kuwa akwai kejin Mai Arba'in, attajirin da ya shigo sana'ar shekara biyu da suka wuce ya jera keji arba'in a rana ɗaya. Zurfinmu ɗaya, ruwanmu ɗaya. Ma'aikatansa ba su fasa ciyarwa ko sau ɗaya ba, da agogo ma suke yi. Layinsa na farko duk ya yi fari.

Na zauna a kan buhu ina kallon nasa, ina kallon nawa. Injiniya ya fara kwance bakin buhu, na ce ya ɗaure.

"Uwar ɗaki, yunwa fa suke ji."

"Na sani. Waɗanda suka ƙoshi suna cikin rami."

"Maigida da yana nan..."

"Ba ya nan. Juya jirgi."

Ban san mene ne a cikin ruwan ba. Abin da idona ya gani shi ne wanda ya ci ya mutu, wanda bai ci ba yana nan. Haka muka dawo da buhunanmu huɗu, mutanen gaɓa na bin mu da ido.

Lahadi, 10 ga wata, da safe

Wani ma'aikaci daga ofis ya zo ya ɗebi ruwa a kwalabe, ya rubuta a jikinsu, ya ce za mu ji. Kowa a gaɓa ya riga shi sanin amsa. Wasu sun ce wata masana'anta ce can sama ta sako datti. Wasu sun ce ƙasan tafkin ne ya juyo sama. Wata tsohuwa ta ce hassada ce, na ce to mai hassadar ya iya aiki, bai bar kowa ba.

Kowa na kwashe kifinsa kafin ya mutu. Gaɓa ta cika da kwanduna, ƙanƙara ta ƙare tun jiya, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mai Sikeli, babbar 'yar sarin bakin ruwan, ta sa kujera a inuwa tana fifita da kwali, maza manya na roƙonta ta duba nasu. Ta hango ni ta ɗaga murya.

"Ƙawata, ke ba ki kawowa ne? Gara rabi da babu fa."

Na ce, "Nawa ba su gama girma ba."

"Da iska za su girma?"

Aka yi dariya. Na gyara mayafina na wuce ta gabansu a hankali, don kada wani ya ce na gudu.

Na gaya wa maƙwabcinmu na gabas ya dakatar da ciyarwa. Ya ce shi ba zai tsaya yana kallon dukiyarsa tana roƙonsa da baki ya hana ta ba. Na faɗa dai.

Talata, 12 ga wata, bayan magariba

Yaya ya zo. Shekara ashirin da uku ina gidan nan, har yanzu Amarya yake ce mini. Ya shiga wurin ƙaninsa, ya naɗe hannun riga ya yi ta matsa masa ƙafar nan da ba ta motsi, yana ba shi labarin yarintarsu. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, yana son ɗan uwansa. Makon farko a asibiti shi ya kwana a ƙasa.

Da ya fito tsakar gida ya rage murya.

"Amarya, magana na ji. An ce kin daina ba kifi abinci."

"Gaskiya ne, Yaya."

"An ce kuma buhunan na nan jibge a ɗaki. Mutane na cewa abin da suke cewa."

"Me suke cewa?"

"Ni ban yarda ba. Amma cewa ake kina tara kuɗin ne gefe, don ba ki san yadda jikin zai ƙare ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce masa ga mabuɗin ɗakin, ya je ya ƙirga. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Mai Arba'in ya yi tayin sayen wurinmu, kejin da kifin da izinin zama a wannan zurfin, kuɗi a dunƙule, a samu na jinya, ni ma in huta. Ya ce ruwa ba wurin mace ba ne, ga yarinya ta bar karatu tana jinyar ubanta.

Na ce, "Wurin nan Malam ya yi shekara biyu yana auna zurfi da igiya da dutse kafin ya zaɓe shi."

Ya ce, "Malam ɗin ne ke kwance."

Na raka shi ƙofa na ce ya gaida gida. Muryata ba ta yi rawa ba, na gode wa Allah.

Laraba, 13 ga wata, da azahar

Na sayar da na Huɗu. Ba mai a jirgi, ga mai zuwa motsa wa Malam jiki ranar Asabar, kuma ba zan miƙa wa Yaya hannu a wannan makon ba ko da zan ci ƙasa.

Mai Sikeli ta ɗaga kifi ɗaya ta matsa cikinsa ta taɓe baki.

"Duk kai ne. Wannan ai azumi kika sa su."

"Masu rai ne. Nuna mini mai rai ɗaya a duk kwandunan nan."

Muka ja, muka ja. Ta ba ni rabin farashi da ɗan ɗori, ni kaɗai aka yi wa ɗorin a ranar. Wata biyar na wahala ya tafi a kan kuɗin da bai mayar da abincin da suka ci ba. Amma na tsaya a kan sikelin da kaina, ko rabin kilo ba ta ci nawa ba.

Saura uku.

Jumma'a, 15 ga wata, da safe

Ba su ci ba. Ya ci. Na ce masa lafiya lau.

Kullum muna zuwa mu goge ragar da buroshi don ruwa ya riƙa ratsawa, mu tsame ɗaya-ɗayan da suka mutu, mu dawo. Sun daina tasowa idan sun ji jirgi. Suna can ƙasa, sun yi fushi da ni.

Asabar, 16 ga wata, bayan la'asar

Yau na rufe wa mutane baki.

Muna kan goge raga sai ga babban jirgin Mai Arba'in, da shi da mutanensa, da wasu masu keji, da Yaya a zaune a tsakiya yana riƙe da hularsa don kada iska ta ɗauke. Wato an kawo shi ya ga kayan da za a yi ciniki. Mai Arba'in ya leƙa na Ɗaya, ruwa shiru, ko motsi babu.

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Raga kike gadi. Kifin nan sun mutu sun nutse tuntuni, shi ya sa ba kya ciyarwa, don kada a gani." Ya juya wurin Yaya. "Ka ga abin da nake gaya maka. Ƙarfe da durom zan saya, don zumunci ne ma na sa wancan kuɗin."

Duk wanda ke wannan sana'a ya san yadda ake nuna kifi. Ba a ƙirga su, ba a ɗago raga. Abinci ake watsawa, mai saye ya kalli yadda ruwa zai tafasa, daga nan ya san abin da ke ƙasa. Akwai buhu ɗaya a jirginmu da muke zama a kai. Injiniya ya ga inda idona ya tafi, ya ce a hankali, "Uwar ɗaki, ruwan bai washe ba." Na ce ya matsa.

Na watsa kwano ɗaya. Shiru. Wani ya yi tari. Sai ruwan ya tsage. Ban taɓa ganin tafasa irin wannan ba, kejin gaba ɗaya ya ɗauki rawa, durom na karo da durom, ruwa na fallatsa har kan farar rigar Mai Arba'in. Yaya ya miƙe tsaye a cikin jirgi, ya manta yana tsoron ruwa. Na ƙara kwano. Na ƙara. Wani daga cikin masu kejin ya ce, "Kai, matar nan!" Ban san lokacin da na ɗaga buhun na zazzage sauran ba.

Na ce, "Alhaji, ga ragar da nake gadi."

Ya goge fuskarsa ya ce a tayar da inji.

Na dawo gida ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce wa Malam lafiya lau, yau kam da gaske nake.

Lahadi, 17 ga wata, da hantsi

Na Ɗaya.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Ragar na Ɗaya tana shanye a kan katanga. Raga ce mai kyau, ko ɓuli ɗaya babu. Na wanke ta da kaina, ban bar kowa ya taɓa ba.

Injiniya bai ce mini komai ba tun jiya. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi. Masuntan da suka haƙa ramin farko su suka haƙa wannan, sai da suka ƙara masa faɗi.

'Yata ta ce, "Mama, ba ki ci komai ba." Na ce na ci a bakin ruwa.

Ban shiga ɗakinsa ba sai da ya yi barci.

Talata, 19 ga wata, da safe

Saura biyu. Na sa Injiniya ya fitar da duk wani buhu daga jirgin. A kan katako nake zama yanzu.

Laraba, 20 ga wata, da azahar

An kwana ana ruwa da iska. Da safe tafkin na ta tumbatsa, ba mu iya fita ba. Na tsaya a gaɓa ina hangen na Biyu da na Uku suna hawa suna sauka. Igiyoyin da Malam ya ɗaura ne, ba su saki ba.

Maƙwabcinmu na gabas ya kwance kejinsa ya ɗora a mota. Ya ce zai koma sayar da taya. Ya tsaya a gabana kamar zai ce wani abu, sai ya ce in gaida mai jiki.

Jumma'a, 22 ga wata, da hantsi

Warin ya tafi. Na zura hannu har gwiwar hannu ina ganin yatsuna. Ma'aikacin kwalabe bai dawo ba, kuma yanzu ba wanda ke tambayarsa.

Na zo da abinci a cikin gwangwanin madara, ɗaya tak. Na watsa wa na Biyu rabi, na Uku rabi, na zauna. Muka jira har rana ta yi zafi, ba wanda ya taso yana tsotsar iska. Injiniya ya ce in ƙara. Na dube shi, ya dube ni, sai muka fashe da dariya mu biyu a tsakiyar ruwa, dariyar da ba ta da daɗi sosai.

Sun rame. Sati biyu na yunwa ya cinye kusan wata guda na ƙiba. Sai an ƙara sati huɗu ko biyar kafin su kai, kuma a hankali za a koma, yau gwangwani, gobe biyu. Buhunan da aka ce na ɓoye su ne za su kai mu.

Litinin, 25 ga wata, bayan la'asar

Mai Sikeli ta zo gidana. Da ƙafarta, da ledar lemo da ayaba, wai ta zo duba mai jiki. Wata huɗu yana kwance, yau ta san hanya.

Tafkin ya zama fanko. Wanda bai yi asara ba ya kwashe ya sayar da araha, Mai Arba'in kansa bai fi keji uku masu motsi ba, su ma ƙanana ne. Masu otal suna neman manyan karfasa ruwa a jallo, daga wani wuri mai nisa ake kawo musu a ƙanƙara, baƙinsu na ƙorafi.

"Ƙawata, ni da ke ba ta ɓaci. Ki bar mini biyun nan, yau in ba ki rabin kuɗi a hannu."

"Duk kai ne fa. Azumi na sa su."

"Haba, wasa ma ba a yi da ke?"

Na ɓare lemonta na sha a gabanta, na ce zan yi tunani. Kafin magariba masu otal biyu sun kira ni a waya, ban san inda suka sami lambar ba. Farashin da suka ambata sai da na sa suka maimaita.

Na zauna na yi lissafi da kai. Idan biyun nan suka kai, za su biya abincin da duk shidan suka ci, su biya Injiniya, a sami na jinya, a sayi 'ya'yan kifi na keji uku. Riba babu a bana. Amma wanda ya fita da uwar kuɗinsa a wannan shekara a tafkin nan, ina son a nuna mini shi in gaishe shi.

Da na Ɗaya na nan... Ba zan yi wannan lissafin ba.

Alhamis, 28 ga wata, da yamma

Yaya ya dawo. Mai Arba'in ya ninka tayinsa, kuma yanzu sauri yake. Ba sai an gaya mini dalili ba, shi ma masu otal ɗin suna kiransa.

"Amarya, na ga abin da kika yi waccan Asabar, na kuma ji abin da ya biyo baya. Shida ya bar miki, saura biyu. In jira su ma su tafi?"

Gaskiya ya faɗa.

Ya ce 'yan uwa sun zauna sun amince. Izinin wurin da sunan Malam yake, don haka ranar Lahadi za su zo da takarda ya dangwala yatsa. Na ce likita ya hana a tayar masa da hankali. Ya ce ba za a tayar ba, za a ce masa dai ciniki ne mai kyau, don lafiyarsa.

Ban ce masa lafiya lau ba yau. Na ce masa an yi zafi.

Asabar, 30 ga wata, da safe

Sun ci gwangwani shida-shida, sun cinye tas. Na daɗe a kan katakon ina kallonsu. Injiniya ya ce, "In an sayar, ni dai ba zan tuƙa wa mai agogo ba." Na ce ba wanda ya tambaye shi. Ya ce shi ya sa ya faɗa.

Lahadi, 1 ga sabon wata, da hantsi

Na tura 'yata kasuwa, na rufe ƙofa, na zauna a gefen hagunsa inda yake ji sosai. In za a karɓe masa wuri, ba za a karɓa yana ɗauka keji shida ke can suna jiransa ba.

Na gaya masa ruwa ya ɓaci. Na gaya masa na Biyar da na Shida, da yadda na sayar da na Huɗu. Na gaya masa na hana kifinsa abinci sati biyu, abin da bai taɓa yi ba. Idonsa na kaina, bai ƙifta ba. Sai na zo kan na Ɗaya. Na ce, "Wannan ba ruwa ba ne, Malam. Ni ce. An ce mini raga nake gadi, na zazzage musu buhu don a gani. An gani." Na gaya masa farashin masu otal, da tayin Mai Arba'in, da abin da Yaya zai kawo bayan azahar. Na ce kuɗin da yawa, zai yi jinya har ya yi saura, kuma in ya dangwala ba zan riƙe shi a zuciya ba. Wannan ta ƙarshen ban tabbata gaskiya ba ce.

Numfashinsa ya yi nauyi, na tsorata. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, na goge. Ya juya fuska bango. Bai sake kallona ba har na fita.

Lahadi, bayan la'asar

Sun zo su uku, Yaya da ƙaninsu da mutumin Mai Arba'in mai jaka. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, na koma bakin ƙofa na tsaya. Yaya ya zauna a bakin gado ya yi bayani da murya mai laushi, ciniki mai kyau, asibiti mai kyau, Amarya ta huta. Mai jaka ya buɗe ɗan akwatin tawada. Hannun dama ba ya aiki, sai aka ce a yi da na hagu.

Yaya ya kai hannu zai kama babban yatsan. Malam ya lanƙwasa shi cikin tafin hannu, ya rufe sauran huɗun a kai.

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Buɗe mana, ɗan uwa." Ya lallashe shi. Ya kira shi da sunan da mahaifiyarsu ke kiransa. Ƙanin ya ce ko bai gane ba ne, a sake bayani. Aka sake. Mai jaka ya ce ko a ɗan taimaka masa a buɗe, Yaya ya ɗago ya yi masa wani kallo, mutumin ya rufe akwatinsa. Jijiyoyin hannun Malam sun tashi, amma bai saki ba. Mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa.

Yaya ya juyo ya dube ni.

"Kin gaya masa."

"Duka, Yaya."

"Har na waccan Asabar?"

"Har shi."

Ya sake kallon dunƙulen hannun. Ya miƙe ya sa hularsa, ya ce wa ƙanin su tafi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ranar kwashewa ki aiko a gaya mini. Zan zo in tsaya a kan sikeli, Mai Sikelin nan ba ta da amana."

Da motarsu ta tashi na kawo abinci. Hannun na nan a dunƙule, kuma da shi yake ci, ba shi da wani. Na ce, "Malam, sun tafi." Ya dubi ƙofa. Sai da na tashi na sa sakata yana gani, sannan ya fara buɗewa, yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, don sun sandare. Farcensa ya huda tafin hannun wuri uku. Na kawo ruwan ɗumi zan wanke, sai ya kama tsintsiyar hannuna ya ja ni kusa. Bakinsa ya yi ta aiki, na jira. Wata huɗu ban ji kalma cikakkiya daga gare shi ba.

Ya ce, "Sun... ci?"

Na ce, "Sun ci. Da safe da rana. Saura na yamma."

Ya sake ni, ya nuna mini ƙofa da haɓa. Na bar wa 'yata kwanon, na ɗauki mayafina.